Sandar da Za a Binne Ni da Ita

Gidan Tsofaffin Sojoji na Millbrook,
Maryland.
Janairu.

Zuwa ga aminina Emmett Tierney,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Noreen da mijinta da jikoki, kuma ina fata ranar Arizona tana yi wa ƙasusuwanka alherin da sanyin Maryland ya hana nawa. Yaya idanun? Na san ba sa gani, amma ba a fasa tambaya. Noreen, na san ke ce mai karanta masa, saboda haka ki yi haƙuri da abin da za ki tarar a ciki. Idan kin iso wurin zagi kada ki tsallake, ubanki ya fi ni iyawa.

Ni dai ina nan. Ƙafar hagu ta daina jin magana, likita ya ƙara mini ƙwayoyi, abincin gidan nan kuma har yau ba wanda ya gaya wa mai dafa shi cewa Allah ya halicci gishiri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in gaya maka mun binne Otis Vandermark ranar Asabar da ta wuce. Golanmu ya tafi, Emmett. An kai ni coci a motar gidan nan, aka tura kekena har gaban akwatin, ɗansa ya miƙo mini sandarsa ta wasan lakros, mai raga a kai, na kwantar masa da ita a gefen dama kamar yadda muka yi wa sauran. Ragar ta bushe ƙamas, amma ƙanshin man da yake shafa mata yana nan. Wani jikansa, ƙato har da gemu, ya raɗa wa uwarsa, "Me ya sa za a binne Kaka da abin kamun kifi?" Na ji shi sarai. Fasto yana kallona, shi ya sa na haɗiye amsar.

Noreen, ban sani ba ko ubanki ya taɓa zama ya ba ki labarin, to ga shi a taƙaice. Mu ne ƙungiyar lakros ta Kwalejin Soja ta Carrow Point ta shekarar hamsin da tara, wadda ba makarantar da ta ci ta daga wasan farko har na ƙarshe. Lakros, kin sani, wasa ne na cafe ƙwallo da jefa shi da sanda mai raga. Bayan mun fita da 'yan shekaru aka kawo gawar Dale Pruitt daga Vietnam. Ranar jana'izarsa kocinmu, Tsoho Haggerty, ya shigo coci da sandar Dale a hammata. Bai nemi izinin kowa ba, ya cusa ta cikin akwatin, ya ce mutanen ƙabilar Mohawk da suka sassaƙa mana sandunan nan haka suke yi wa nasu, shi kuma ba zai bar yaronsa ya isa can hannu rabbana ba. Daga ranar abin ya zama doka a tsakaninmu. Ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ba wanda ya tafi babu tasa. Ni kuma duk wanda muka binne sai in yanka masa tsaga guda a jikin tawa, daf da inda nake riƙewa. Ta Otis na yanka ta jiya da wuƙar yanka tuffa.

Yanzu saura mu uku: kai, ni, da Prescott Whitcomb, in har za a ƙirga shi. Bai zo jana'izar ba. Ya aiko da furanni masu girman ƙofar mota, da kati mai tauraro uku, don kada gawa ta manta cewa Janar ne.

To shekaranjiya sai ga baƙuwa daga makaranta, wata Madam Lindqvist, wai ita ce daraktar kula da tarihin wasanni. Ashe har da wannan muƙamin yanzu. Ta shigo tana murmushi kamar mai tallan man goge haƙori, ta ce, "Manjo Brubaker, kai fa tarihi ne mai rai!"

Na ce, "Da sauran numfashi dai."

Ta ce a watan Afrilu ƙungiyar lakros za ta cika shekara ɗari, za a yi biki, za a buɗe sabon zauren tarihi. Na tambayi sunan zauren. Zauna da kyau, Emmett. Zauren Janar Prescott Whitcomb. Sarkin Benci! Mutumin da ya yi shekara uku yana ɗumama mana katako da gindinsa, wanda wandonsa na wasa har muka gama makaranta bai san kalar laka ba. Ba laifinta ba ne, shi ya gina, kuma wanda ya biya makaɗi shi ake wa kirari.

Ta ce suna da riguna, suna da hotuna, amma sandar itace ta 'yan hamsin da tara ko ɗaya ba su samu ba. "Mun nema ko'ina, kamar ƙasa ta haɗiye su."

Na ce, "Ita ta haɗiye su kuwa."

Ba ta gane ba. Idonta yana kan tawa da ke rataye a saman gado. Na ce ta je ta karɓi ta Janar. Ta ce tasa ta ɓata wajen ƙaura tsakanin Jamus da Washington. Na ce ba mamaki, abin da ba ka taɓa amfani da shi ba ba ka lura da ranar da ya ɓata. Na gaya mata wannan sandar tana da inda za ta, kuma ba cikin gilashi ba ne. Ta bar mini katinta, na sa shi a ƙarƙashin ƙafar tebur da ke girgiɗi.

Ka gaida kowa da kowa. Ka riƙa shan ruwa, in ji likitoci.

Naka har kullum,
Lowell Brubaker.

Millbrook.
Maris.

Aminina Emmett,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Na sami amsarka da hannun Noreen, na gode. Na ji kana tari, Allah ya sawwaƙe. Kalmar da ka kira Whitcomb da ita Noreen ta sa layi a maimakonta, amma na auna tsawon layin na gane.

Littafin tarihin da suka buga ya iso. Ya yi nauyin bulo, takardarsa tana ƙyalli. Na karanta shi da gilashin ƙara girma, na sha dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ka tuna ɗakin sukuwar dawakai inda ƙungiyar ta soma, inda mu ma muka yi atisayen hunturu muna tono ƙwallo daga cikin kashin doki? A littafin ya zama "babban ɗakin motsa jiki". Wasanmu da 'yan makarantar sojan ruwa, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ranar da Dale ya jefa ƙwallon ƙarshe da karyayyen haƙarƙari, layi biyu suka ba shi. Hotunan sabon ɗakin canza kaya kuwa sai da na gaji da buɗe shafi. Game da mutumin namu Whitcomb sun rubuta cewa shi ne "ginshiƙin ƙungiyar a bayan fage". A bayan fage kam ba ƙarya, can baya sosai, kusa da bokitin ruwa.

Na kalli yaran yanzu a talabijin. Sandunan roba, duk iri ɗaya kamar cokulan asibiti, in ta karye sai a ɗauko wata daga jaka. Hular kwano kamar masu zuwa duniyar wata. Raga mai zurfin rijiya, ka doki mutum har ka gaji ƙwallon ba zai faɗo ba. Mu da sai ka shekara kana lallashin sanda, kana shafa mata mai, kana ɗaure ragar ka kwance, kafin ta yarda ta san hannunka. Suna da gudu, ban hana su ba. Barewa ma tana da shi.

To ga abin da nake ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Whitcomb ya zo da kansa. Direba ya kawo shi. Ya yi ƙiba, ya rina gashi, haƙoransa sababbi fil. Yana shigowa ya ce, "Lowell, tsohon jaki, ashe kana nan!"

Na ce, "Ina nan, Sarkin Benci. Ga kujera, na san ka iya."

Ya yi dariya har da hawaye. Ka san shi, zagi ba ya kama shi, kamar ruwa a bayan agwagwa. Ya kawo wainar kaguwa mai zafi daga Baltimore, da kwalbar wuski da ya ɓoye a aljihun kwat. Rabona da wainar kaguwa tun matata Lorraine tana da rai. Muka ci, muka sha a kofin magani. Ya kwaikwayi muryar Tsoho Haggerty yadda yake ihu, "Ku sunkuya, 'yan banza, ƙwallon ba zai tashi ya gaishe ku ba!" Ya iya kuwa. Wanda ya zauna kusa da koci shekara uku ai dole ya iya.

Sai ya ɗaga kai ya kalli sandar, ya ce, "Aro kawai, Lowell. Yini ɗaya. Yaran nan ba su taɓa ganin irinta ba. Za a aiko maka mota, ka zauna a babban tebur, a kira sunanka a fili gaban jama'a. Da yamma ka dawo da abarka."

Na ce, "Ka san inda za ta."

Ya ce, "Na sani mana, ba ina wurin ba ranar Dale? Ai ba yau za ka mutu ba, muguntarka ba za ta bari ba."

Emmett, kada ka yi mini faɗa. Kai kana da Noreen, kana da jikoki masu hawa maka gwiwa. Ni tun da Lorraine ta tafi, in ka cire fasto da mai auna jini, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan don ni. Mutumin banza ne, na sani, amma shi kaɗai ya rage a wannan gefen ƙasar da ya san muryar Haggerty. Da ya tashi tafiya sai na ji ina so ya ƙara zama. Na raina kaina a kan haka, amma na ce to.

Na kafa sharaɗi. Na nuna wa Madam Lindqvist da ta zo ɗauka: ga kwarmin da babban yatsana ya ci a jikin itacen, ga wayar da na ɗaure tsagewar da mai tsaron bayan 'yan sojan ruwa ya yi mata, ga tsagogin mutanenmu. Na ce kada wanda ya taɓa komai. Ta sa farar safar hannu ta karɓa kamar jariri, ta ce, "Kada ka damu, Manjo, ƙwararru muke da su. Za mu shirya ta ne kawai." Wai sai sun karɓa da wuri saboda shirin.

Yanzu ƙusa biyu ne kawai a bangon. Ina yawan kallonsu.

A gaida Noreen da maigidanta. Ka sha maganin tarin.

Naka,
Lowell.

Millbrook.
Afrilu.

Emmett,

Ina gaisuwa, ina fata tarin ya lafa, iyali kuma suna lafiya. Noreen, ki nemi wuri ki zauna, wannan mai tsawo ce, kuma ki ba shi ruwa tukuna.

An yi bikin. Motar ta zo kamar yadda aka ce. Na sa baƙin kwat ɗina da ya yi mini yawa, aka ɗaga ni aka sa kamar buhun dankali. Makarantar tana nan a bakin kogi, amma filinmu sun shimfiɗa masa ciyawar roba, koriya shar, ko tsuntsu ba ya sauka a kai. Laka ta ƙare a Carrow Point. An kira sunana a lasifika, mutane suka tafa, da yawansu suna kallon waya. Aka yi wasa da 'yan sojan ruwa, aka ci mu, amma ba wanda ya damu, don kowa hankalinsa yana wurin liyafa.

Sai aka buɗe zauren. Da ka shiga, hoton Whitcomb ne ya tare ka, tsayinsa ya kai rufi, yana kallon nesa kamar mai hango abokan gaba. Ya yi jawabi a kan jini da gumi. Jini da gumi, Emmett, daga bakin Prescott. Aka yanke ƙyalle, aka turo kekena zuwa tsakiyar ɗaki inda akwatin gilashi yake da fitila a kansa, Madam Lindqvist ta janye mayafi ta ce, "Ga mamakin da muka shirya maka!"

Da farko na ɗauka wata suka samo. Sanda ce ja-ja-wur tana sheƙi kamar ƙafar kujerar otal. Ragarta fara tas, sabuwar fata. Sai na ga lanƙwasar kanta ta bahago irina, na san tawa ce.

Sun goge ta. Sun bi ta da sanfefa tun daga kai har gindi, sun shafa mata man ƙyalli. Sun cire wayar, sun cike tsagewar da gam. Sun yanke ragar da na ɗaura da hannuna shekara sittin da wani abu. Tsagogin babu ko ɗaya. Dale, Haggerty, Otis, duka, sun bi ƙurar sanfefa.

Na ce, "Ina tsagogin?"

Ta ce, "Karce-karcen nan? Ai mai gyaran ya sha wahala kafin su fita. Ka ga ta dawo kamar ranar da aka saye ta!"

Da zuciya ɗaya ta faɗa, tana jiran in gode. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Waɗannan mutanen haka suka iya girmama abu: su goge shi har sai ya yi ƙyalli. Makarantar soja ce, tun muna yara abin da aka koya mana ke nan, takalmi, maɓalli, kan bel, duk abin da bai ɗauki ido ba laifi ne. An ba su tarihi, suka yi masa abin da ake yi wa takalmin fareti.

Na ce a buɗe. Aka yi ta neman mai mabuɗi. Whitcomb ya sunkuyo yana murmushi saboda masu hoto, ya ce ƙasa-ƙasa, "Lowell, don Allah ba a nan ba."

Na ce, "A nan, ranka ya daɗe."

Aka buɗe, aka sa mini ita a hannu. Emmett, kai za ka gane wannan fiye da kowa, tun da yanzu da hannu kake gani. Na rufe ido na riƙe ta yadda na saba. Babban yatsana ya tafi neman wurinsa bai samu ba. Ya yi sama, ya yi ƙasa, santsi kawai. Sandar da ko cikin barci aka sa mini ita zan san tawa ce, ta zama kamar hannun baƙo a wurin gaisuwar mutuwa.

Whitcomb ya ce, "In ba ka ji daɗi ba ka tafi da ita yanzu, ba sai yamma ba. Taka ce."

Na miƙa masa. Na ce, "Karɓi, Prescott."

Ya ce, "Me zan yi da ita?"

Na ce, "Taka ce yanzu. Dube ta da kyau. Ba ta taɓa laka ba, ba ta taɓa gumi ba, ba ta san kowa ba. Kun dace."

Wani tsohon kanar a baya ya yi tari mai kama da dariya. Whitcomb ya karɓa don ba shi da yadda zai yi, ya riƙe ta a dama, sandar bahago, kai a juye, masu hoto suka yi ta ɗauka. Ina jin hoton zai shiga bugu na biyu na littafin. Na ce wa direba ya kai ni gida. Ban tsaya cin naman liyafar ba, ko da yake ƙanshinsa ya bi ni har mota.

Washegari Madam Lindqvist ta bugo waya tana kuka, ta ce za su sa mai gyaran ya sake yanka tsagogin in na gaya musu guda nawa ne. Na ce ya yanka a goshinsa. Daga baya na ji ba daɗi, don yarinyar ba ta san abin da ta yi ba. Amma a makarantar nan ba wanda ya san abin da yake yi, kuma duk albashi ake ba su.

To haka ake ciki. Na faɗi maganata, ta yi mini daɗi na tsawon hanyar dawowa. Da na shigo ɗaki na ga ƙusoshin nan biyu, daɗin ya ƙare. Ba tsoron mutuwa nake ba, ka sani, na daɗe da shirya jakata. Abin da nake juyawa a rai shi ne, zan isa can in tarar da su sun jeru, kowa da tasa a kafaɗa, Tsoho Haggerty ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Brubaker, ina sandarka?" Me zan ce masa? In ce na bayar da ita a kan wainar kaguwa? Ni kaɗai zan tsaya a bakin fili. Ni da Whitcomb.

Kada ka sa wannan a ranka, kai ma ba lafiya gare ka ba. Na dai faɗa ne don ba ni da wani wanda zan faɗa wa.

A gaida yara.

Lowell.

Millbrook.
Mayu.

Aminina Emmett,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk mutanen gidan. Za ka ji Noreen tana tuntuɓe a karatun wannan, ba laifinta ba ne, hannuna ne ya ƙara lalacewa. Na yi mako a kwance da ciwon ƙirji. Likita yana magana da ni a hankali yanzu, yana dafa mini kafaɗa, ka san ma'anar wannan.

Kafin in kwanta Whitcomb ya aiko da sabuwar sandar itace a cikin akwati mai shimfiɗar karan-miski, da farantin tagulla ɗauke da sunana da nasa, nasa a sama. Na ba mai shara. Ya ce tana da kyau wajen sauko da yanar gizo-gizo.

Sai jiya aka kawo mini ƙunshinka. Ma'aikaciyar jinya ce ta yanke igiyar. Da ta zaro abin da ke ciki ta ce, "Manjo, wani ya aiko maka da guntun icce." Na ce ta ba ni, ta fita, ta ja ƙofa.

Kai mahaukaci ne, Emmett Tierney. Tsohon mahaukaci, makaho. Can wasu wawaye sun bi tawa da sanfefa, nan wani wawan ya bi tasa da zarto. Sandar da ta ci 'yan sojan ruwa ƙwallo huɗu a yini ɗaya! Noreen ta rubuta cewa sun yi ta ba ka haƙuri ka ƙi, ka ce in mijinta bai riƙe zarton ba kai za ka riƙe, ka yi ta lalube da yatsa har ka nuna masa daidai inda zai yanka. Noreen, ki gaya wa mijinki ya yanka a karkace, amma na yafe masa.

Na riƙe ta tun jiya. Ba hannuna ba ne, naka ne, kwarmin yana gefen da ba nawa ba. Sai da na juya ta, yatsana ya faɗa ciki ya zauna. Baƙin gumin nan yana nan, har da inda ka cije ta ranar da alƙalin wasa ya kore ka. Ta san laka. Haggerty zai gane ta daga nesa, zai ce, "Wannan ai ta Tierney ce, ina sauran?" In ce masa saura yana tafe, ya ƙi sauri ne kawai. Kuma kada ka yi saurin.

Na kira fasto na nuna masa, na ce a gefen hagu za a sa ta, ya maimaita mini har na tabbata ya riƙe. Ban rataye ta a bango ba, tana nan cikin bargo kusa da ni, kuma duk mai farar safar hannu da ya matso zai san rabin sanda ma tana duka.

Abu ɗaya ne ban yafe ba. Na lura wane rabin ka aiko. Ka ba ni gindin, ka riƙe kan mai raga. Shekara uku ina gudu a tsakiyar fili, ina ɗaga sanda, ina ihun sunanka har muryata ta dishe, ba ka taɓa jefo mini ƙwallo ba sai in mutum uku sun danne ka. Yanzu ma da za mu shiga ƙasa ka tabbatar ƙwallon a wurinka zai zauna. To riƙe abinka. Na karɓi wannan.

Ka gaida Noreen, ka gaida mai zarto, ka shafa mini kan jikoki. Allah ya ba ka lafiya, ya bar ka a rana.

Naka, da rabin sandarka,
Lowell Brubaker.